Wa Ya Yaye Ki?

Shekarar da sojoji suka koma bariki na gama sakandare, kuma sakamakon da na samu bai isa ya kai ni ko'ina ba sai gida. Mama ta ba ni zaɓi biyu, ɗinki ko kitso. Na ce mata ɗinki zai cinye mini ido, kitso kuwa zai sa in mari 'yar mutane, don ba ni da haƙurin tsayawa a kan mace ɗaya tun safe har la'asar. Ta ce to in faɗi abin da nake da haƙurinsa, in akwai. Na ce inji. Ina son abin da in ya ƙi aiki zan kwance shi in ga dalili.

Haka aka kai ni wurin Oga. Abokin marigayi babana ne, cocinmu ɗaya a Kamazou, kuma a lokacin duk tsallaken kogin Kaduna babu wanda ya kai shi sanin injin faks. Ga wanda bai riski abin ba, faks inji ne da ake haɗawa da wayar tarho ta kan tebur. Ka zura takarda a nan Kaduna, kwafinta ya fito a Legas da ɗuminsa. Oga ba ma'aikacin kowa ba ne, kwangila yake ɗauka. Ofisoshin masaƙu a Kakuri, 'yan kwangilar da suka zagaye matatar mai a Rido, kamfanonin manyan motoci, duk wata sai ya bi su ya duba musu injinansu. Ya ɗaura taye a wuya, ya rataya jakar kayan aiki, ya hau tsohon babur ɗinsa, masu gadi na ɗaga masa hannu suna cewa Injiniya.

Mama ta kai kiret ɗin lemo da goro, aka yi yarjejeniya. Shekara huɗu zan yi, sannan a yi mini firidom, wato bikin yaye, in fita da albarkarsa. Dokar shagon irin ta kowane shago ce: wanda ya zo ƙarshe shi ke shara, shi ke zuwa sayo abinci, ko da ya haifi kowa a wurin. Na karɓi tsintsiya daga hannun wani dogo da ya kusa rawa don murna. Na ce a raina ba komai, nawa na nan tafe.

Na koyi aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Na san yadda ake wanke robar da ke jan takarda, da yadda ake gane injin da wuta ta ƙona tun daga warinsa. Abin da na kasa koya shi ne jira. In noti ya ƙi kwancewa sai in danne shi da ƙarfi, Oga kuma ya buge mini hannu.

"Kada ki tilasta wa noti," in ji shi. "In ya ƙi, ke ce ba ki gaishe shi ba."

"Oga, ni ko mutane ba duka nake gaisarwa ba."

"Na lura."

Sai wayar hannu ta shigo gari. Kafin ka ce kwabo kowace mahaɗa ta cika da 'yan mata a ƙarƙashin laima, da tebur da waya, ana biya ana kira. Ofisoshi suka sayi kwamfuta, sakatarori suka koyi aika imel. Masaƙu kuma dama sun fara tari. Yau a ce wannan ofis ya rufe, gobe a ce wancan ya gode, ba sai an sake zuwa ba. Siniyoyina, wato waɗanda suka riga ni shiga shagon, suka yi firidom ɗaya bayan ɗaya suka watse. Na yi ta duban ƙofa ina jiran wanda zan miƙa wa tsintsiya. Ba wanda ya zo. Wa zai kawo ɗansa koyon gyaran abin da ake jibgewa a sito?

Muka rage ni da Oga da wani inji guda da mai shi ya manta da shi. Ranar Litinin mu kwance shi, ranar Laraba mu ɗaure. Na san cikin injin nan fiye da cikin akwatin kayana.

Ba wai babu hanya ba. Abokan sana'arsa duk sun kama gabansu. Wani ya tafi Legas ya koyo yadda ake haɗa kwamfutocin ofis da waya su riƙa magana da juna, ya dawo da takardar shaida da sabon tumbi. Wani ya buɗe kafe inda ake biya a shiga intanet. Wani ya sauke girman kai yana sayar da katin waya. Matar Oga, wadda muke kira Madam, ita shawararta ɗaya ce kullum in ta kawo masa abincin rana.

"Ga gonar citta can a ƙauye ciyawa ta cinye. Citta dai ba a taɓa cewa ta tsufa an kawo sabon samfuri ba."

"Ni da na yi wa manyan kamfanoni aiki zan koma riƙe fartanya?"

"Fartanya tana da kwastoma."

Oga yana da amsar kowace shawara. Legas ta yara ce. Kafe wurin zaman banza ne. Katin waya kuwa talla ce, shi kuma injiniya ne. Ya ce wayar hannu yayi ce, kuma duk duniya babu abin da zai maye gurbin takarda mai sa hannu da hatimi.

Ni na ga tawa hanyar ranar da wayar Mama ta faɗa cikin bahon wanki. Aka ce mini akwai wani Malam a Makera da ke tayar da matattun wayoyi. Shagonsa bai kai rabin namu ba, amma mutane har bakin titi, Musulmi da Kirista, kowa riƙe da gawarsa a hannu. Malam saurayi ne siriri, bai fi yayana shekaru ba, mai magana a hankali kamar yana tsoron tayar da wani daga barci. A bayan shagon kwamfutoci ne jere suna jiran layinsu. Ya buɗe wayar Mama, ya tsoma buroshin haƙori a sifirit ya goge cikinta, ya ajiye ta ƙarƙashin ƙwan lantarki ta bushe. Da ya mayar da batir sai ta yi kiɗa. Na ji abin har cikin haƙarƙarina.

"Malam, ina so in koyi wannan aikin."

Ya dubi hannuna, ba fuskata ba. "Kin taɓa riƙe sukundireba."

"Shekara uku ke nan. Faks nake gyarawa."

"Allah Sarki," ya ce, kamar na gaya masa an yi mini rasuwa. "Wa ya yaye ki?"

"Ba a yaye ni ba tukuna. Saura shekara."

"To ki je a yaye ki."

"Malam, sana'ar ta mutu. Me zan zauna yi, zaman makoki?"

"Ko ta mutu, maigidanki bai mutu ba. Ba na ɗaukar yaron wani a bayan idonsa. In na ɗauke ki yau, gobe wani zai ɗauke nawa, kuma ba ni da bakin magana. Ya kawo ki da kansa, ya ce ya sallame ki. Ranar nan za ki fara."

Na zagaya wasu shaguna biyu a layin, tambayar dai ita ce. Wa ya yaye ki? Kamar sun haɗa baki. Nan na gane in na gudu daga wurin Oga ba tare da firidom ba, babu mai buɗe mini ƙofa daga Makera har Sabon Tasha, kuma kitso na nan yana jirana da mataji a hannu.

Washegari na gama shara na jingine tsintsiya na ce, "Oga, ina so ka yaye ni."

"Shekara huɗu muka yi da uwarki."

"Me ya rage ban koya ba?"

"Haƙuri."

"Wannan ko shekara arba'in ka ba ni ba zai shiga ba. Oga, faks ya mutu. Mu biyu ne kawai ba mu je jana'iza ba."

Ya cire tabarau ya goge da bakin tayensa. Na ɗauka zai kore ni, har na fara murna, sai na tuna kora ba yaye ba ce. Ya ce, "Ɗauko jaka. Yau za ki ga inda faks ke numfashi."

Akwai kwastoma ɗaya da ya rage masa, wani Alhaji mai tireloli a Gonin Gora, bakin hanyar Abuja. Wannan wurin Oga bai taɓa aikena ba, shi kaɗai yake zuwa duk ƙarshen wata. Muka hau babur, ni a baya rungume da jaka, muka ratsa masu doya da masu gawayi da ke jere a bakin titi har ofishin.

Da shigarmu akawun Alhaji ya yi wuf ya ɗauke filas ɗin shayi da kwanon gyaɗa daga kan wani abu da aka lulluɓe da kyalle mai ado. Ya yaye kyallen. Faks ne, yana ƙyalli kamar amarya. Alhaji ya taso da fara'a, dattijo mai jiki, ya riƙe hannun Oga da hannu biyu.

"Injiniya, sannu da zuwa. Ya Madam? Ya yara? Wannan ce 'yar taka mai aikin maza?"

"Ita ce, Alhaji. Bakinta ya fi hannunta sauri, amma hannun ma ba laifi."

Oga ya naɗe hannun riga. Ya buɗe injin, ya hure shi, ya goge robar, ya ɗiga mai a inda ake ɗigawa. Ya zura takarda ya danna maɓallin kwafi, kwafin ya fito tas. Ya ɗaga shi sama yana dubana ta saman tabarau.

To shi ne fa ya koya mini cewa kwafi ba gwaji ba ne. Injin faks yana yin kwafi ko babu layin tarho. Gwajin gaskiya shi ne ka ɗaga kan wayar ka ji ƙara. Na ɗaga. Shiru kamar rijiya. Na bi igiyar tarhon da hannu ta bayan kabad, na jawo, sai ga bakinta ya biyo ni, a yanke, har gizo-gizo ya yi gida a kai.

"Alhaji, wannan injin ba shi da layi."

Akawu ya sunkuya yana neman abin da bai ɓata ba a ƙarƙashin tebur.

"Na sani, 'yata," in ji Alhaji. "Tun daminar bara iska ta kayar da turken waya. Mun yi ta kai ƙara, har muka gaji."

"To me muke gyarawa?"

"Ai ga shi kin gani, yana da tsabta." Ya zuba shayi a kofi ya tura gaban Oga. "Injiniya ya yi mini rana lokacin da takarda ɗaya ke hana mota goma tashi daga Legas. Yana zuwa, mu gaisa, mu sha shayi. Wa aka cuta?"

Na dubi Oga. Bai yi mamaki ba. Ashe ya sani, Alhaji ya san ya sani, akawu ma ya sani. Su uku sun shekara suna lallaɓa abin kamar ƙwai, ni na zo na taka. Ya kawo ni ne da fatan zan tsaya a kwafi, ya manta wanda ya koya mini aiki.

Ana cikin haka aljihun Alhaji ya ɗauki kiɗa. Ya zaro waya ya yi magana da direbansa da ke Lakwaja, yana ihu yana maimaitawa. Da ya gama ya zaro wata daga ɗaya aljihun.

"Yauwa Injiniya, tunda ka zo. Wannan in na yi magana ba a jina. Ko za ka duba mini?"

Oga ya karɓa. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya, yana neman noti. Babu noti a waje. Ya kai farce gefe, ya fasa. Mutumin da ke kwance faks ido rufe ya tsaya riƙe da abu kamar sabulu bai san ta ina ake shiga ba. Na karɓa na zame murfin baya da babban yatsa, yadda na ga Malam ya yi. Iyakar abin da na iya ke nan. Na ce a Makera ake gyara irin wannan.

Oga ya shanye shayinsa har ƙasa, ya yi godiya, muka fito.

Muka hau babur muka kama hanyar gida. Ko tsokana ɗaya ban yi wa Oga ba, abin da Mama ba ta yarda ya faru ba har yau. Wajen wata mai gasa masara ya tsaya, ya sayi biyu, ya miƙo mini ɗaya ta kafaɗa ba tare da ya juyo ba. Muka ci a tsaye, tireloli na wucewa suna kaɗa masa taye. Da ya jefar da totuwa ya ce, "Ki gaya wa uwarki ta nemo lemo. Asabar."

An yi firidom ɗina a ƙofar shago, da kujerun roba na aro daga coci. Mama ta dafa shinkafa, Madam ta kawo kunun zaƙi da ya ji citta har yana ƙona maƙogwaro, ta ce daga gonar da ake rainawa ne. Na durƙusa. A al'ada maigida kan yi wa yaro bulalar ƙarshe, wadda daga ita ba mai sake dukansa a kan aiki. Oga ya ɗauko naɗin takardar faks ya buga mini a kafaɗa.

"Wannan ta notin da kika karya." Ya sake bugawa. "Wannan ta Gonin Gora."

"Oga, ɗaya ake yi."

"Ke ai biyu ma rangwame ne."

Sannan ya ɗora hannu a kaina ya yi addu'a doguwa. Ya roƙi Allah ya ba ni kwastoma masu haƙuri, tunda ni ba ni da shi. Ya ba ni ƙaramin sukundirebansa mai jan mariƙi.

Ranar Litinin ya kai ni Makera da kansa. Malam ya taso ya ba shi kujerarsa. Oga ya ce, "Ga ta nan, na sallame ta. Ba ta sata, ba ta ƙarya. Gaskiyar ce ma ta yi mata yawa." Malam ba ya musabaha da mata, saboda haka maimakon a sa hannuna a nasa, Oga ya karɓi sukundireban ya miƙa masa, shi kuma ya miƙo mini. Wani almajirin shagon, ƙato mai gemu, ya kawo mini tsintsiya yana murmushi har kunne. Na karɓa. Na saba.

An gama, amma Oga bai tafi ba. Ya ja kujera kusa da teburin Malam yana kallon yadda ake narka dalma a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba. Ya tambayi wannan, ya tambayi wancan. Malam ya nuna masa taswirar cikin waya, Oga ya bi ta da yatsa ya ce, "Ashe wuta dai wuta ce." Sai da aka kira azahar ya tashi.

Ban cika mako ba, wata safiya ina cikin shara na ji ƙarar babur da na sani ko a mafarki. Oga ne, da taye, da kiret ɗin lemo ɗaure a baya, da ƙullin goro. Madam na biye da shi a kan acaɓa.

Malam ya fito da sauri. "Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Aiki na zo koya."

"Haba Baba. Ai ka haife ni. Ka zo duk lokacin da kake so ka zauna, in nuna maka abin da na sani. Ba sai da lemo ba."

"Na yi zaman shan shayi ya ishe ni," in ji Oga. "In koyo ne, a yi shi yadda ake yi."

Madam ta sauko tana gyara ɗaurin zani. "Ni na kawo shi, Malam. Na ba shi zaɓi, ko nan ko gona. Ba ya sata, ba ya ƙarya. Taurin kai ne dai, sai ka yi haƙuri."

Malam ya rasa inda zai sa idonsa. Ni kuwa na san inda zan sa bakina.

"Malam, ba ka yi masa tambayar ba."

"Wace tambaya?"

Na juya wajen Oga. "Wa ya yaye ka?"

"Wanda ya yaye ni ya rasu tun kina rarrafe."

"Akwai shaida?"

"Ni ce shaida," in ji Madam. "Ni na dafa shinkafar."

Aka sauke kiret, aka raba goro. Na tsaya riƙe da tsintsiya ina jira a gama addu'a. Malam ya hango abin da ke raina, ya girgiza mini kai a hankali. Ƙaton mai gemu ya matso ya ce shi zai riƙa sharar, ba komai. Amma Oga ya riga ya miƙo hannu.

"Kawo, siniya. Doka doka ce."

Na miƙa masa. Shekara uku da ɗoriya ina jiran wanda zan ba tsintsiya, kuma ban taɓa zaton zai zo da taye ba. Ya soke tayen cikin riga, ya sunkuya, ya fara daga lungu. Sharar ba ta yi kyau ba. Na gaya masa. Da rana na aike shi sayo shinkafa da wake, na ce ban da yaji da yawa, ya dawo da ita ja wur, ya ce mai abincin ce ba ta ji ba.

Da la'asar Malam ya ba shi wata matacciyar waya ya koyi kwancewa, ya ce in zauna kusa da shi. Notin wayar hannu ƙanana ne kamar ƙwayar riɗi, idon Oga kuma ya fara gajiya. Ya ɗora tabarau, ya kai fuska kusa, ya sa sukundireba. Na farko ya fita. Na biyu ya ƙi. Na ga jijiyar hannunsa ta tashi, ya fara dannawa.

Na buge masa hannu.

Oga ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe yana dubana. Sannan ya mayar da kai kan wayar, ya gyara murya.

"Ina wuni," ya ce wa notin.